Waƙar Mama da Littafin Helenanci

A ƙauyenmu, can bayan Kafanchan, idan mai wa'azi yana son majami'a ta yi tsit ba tsawa yake yi ba. Tabarau kawai zai gyara ya ce, "A Helenanci, kalmar nan..." Shi ke nan, ko jariri sai ya saki nono. Helenanci shi ne harshen mutanen Girka na dā, kuma an koya mana cewa da shi aka fara rubuta bishara. Daga nan muka ƙara namu gishirin, muka ɗauka duk abin da aka rubuta da waɗannan baƙaƙe masu ƙugiya-ƙugiya Maganar Allah ce. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce su ma Helenawan suna da nasu dodannin, suna kuma yi musu waƙa tun kafin bishara ta iso musu. Wannan kuskuren ne ya ci muryar mahaifiyata, ni kuma na taimaka masa da bakina.

Babana mai bishara ne, ko da yake a lokacin da nake magana ya riga ya yi ritaya, ya koma noman citta da kiwon aladu. Malam ake ce masa, har Mama ma haka take kiransa. Yana saurayi ya yi shekara uku a makarantar masu bishara, ya tsinci Helenanci daidai na dogarawa: yana karantawa a hankali, yatsa a kan layi, ƙamus a cinya. Da Turawan mishan za su koma gida, sai aka zube littattafansu a baranda aka ce ɗalibai su ɗiba. Masu ƙarfin kafaɗa suka kwashe manya-manyan masu kyan bango. Baba mutum ne mai kunya, ya tsaya sai da aka watse, ya sami wani ɗan ƙarami da gara ta cinye bangonsa da shafin farko. Hagu Helenanci, dama Turanci. Ya sa a aljihu yana murna, a zatonsa wa'azin iyayen ikkilisiya na farko ne.

Ashe waƙoƙin gumaka ne. Ga yabon gunkin teku, ga na gunkin maƙera, ga na wata allahiya da suke cewa ita ce uwar hatsi, kowa da nasa. Mai bishara na ƙwarai da a murhu zai cusa shi. Baba bai cusa ba. Ya naɗe shi a leda ya sa a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin takardun baftismarmu, ya yi shekara talatin da wani abu yana leƙa shi idan ba kowa a gida.

Ni ce mutum ta farko da ya nuna wa, bayan na fara karatun malanta a kwalejin garin Gidan Waya, ya ga ina dawowa da littattafan adabi. Abin da ya fi kama shi ba waƙoƙin ba ne, yadda suka rayu ne. Gabatarwar littafin, wadda gara ta yi mana alheri ta bari, ta ce bautar gumakan ta mutu, ɗakunan tsafin sun rushe, amma waɗansu malaman coci masu zaman kaɗaici suka yi ta kwafe waƙoƙin da hannu, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan, shekaru ɗari bisa ɗari. Ba son gumakan suke ba, harshen suke so, da shi suke koyar da yara. Mawaƙan baya kuma suka yi ta ɗibar salon suna gina nasu. Waƙar uwar hatsi ma ɓacewa ta yi ƙurmus, sai da aka daɗe wani ya tsinci kwafi ɗaya tak, wai a ɗakin dabbobi, tsakanin kaji da aladu. Wannan wurin Baba yake so. Ya nuna garken aladunsa da haɓa ya ce, "Kin ji ko? Waɗannan ma sun yi wa ilimi gadi, balle ni." Wata rana kuma ya rage murya ya ce mini, "Dubi yadda suke yi. Su kira suna, su jera kirari, su faɗi abin da ya taɓa yi, sannan su miƙa roƙo. Ba haka muke addu'a ba?" Ya faɗa, ya waiga ko wani ya ji.

Mama ba ta karatu. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan ikkilisiyarmu, shekara ashirin da biyar, kuma ba rerawa kaɗai take ba, ƙagawa take yi. Ga yadda take aikinta. Za ta zauna da wuƙa da kwando tana tsaga citta don shanya, Baba ya karanta mata aya ɗaya. Idan ayar ta shige ta sai ta ce, "Sake." Ya sake. Sai wuƙa ta ci gaba da aiki. Kafin kwando ya cika za ka ji gunguni ya fara fita ta hanci, kafin na biyu ya cika waƙa ta tsaya da ƙafafunta, har da amshi. Ranar Talata ta kai wa mata, a buga tulu, a kaɗa caki, Lahadi majami'a ta ɗauka. Ƙa'idarta ɗaya ce, ba ta waƙa sai da aya a gindi. "Waƙar da ba aya, ta gidan burkutu ce," in ji ta. Ba tsaurin banza ba ne. Mahaifinta makaɗin dodo ne, wato tsafin gargajiyar ƙasarmu, kuma ta sha wuya a hannunsa kafin ya ƙyale ta ta yi baftisma.

Yayata ta rasu shekarar da na gama sakandare. Shekararta ashirin da biyu, saura wata uku a yaye ta daga koyon ɗinki. Zazzaɓi ne na kwana uku. Rana ta uku da hantsi aka ɗora ta a mashin za a kai ta asibiti a Kafanchan, mai mashin a gaba, ita a tsakiya, Mama a baya ta rungume ta. Ba su kai kwalta ba Mama ta ji jikin ya yi nauyi. Ba ta gaya wa mai mashin ba. Ta bar shi ya yi ta gudu har ƙofar asibiti, wai ko Allah zai sake shawara a hanya.

Daga ranar muryarta ta tafi. Ba ta daina zuwa sujada ba. Tana ɗaura zanen zumunta, ta shiga layi, ta tsaya baki a rufe. Mata suka yi lallashi, suka yi azumi. Baba ya karanta mata ayoyin ta'aziyya har ya ƙure su, ko sau ɗaya ba ta ce "sake" ba. Shekara biyu muna haka. Wanda bai tashi a gidan mai waƙa ba, ba zai san nauyin irin wannan shirun ba. Ni dai na tsani zuwa hutu.

Hutun ƙarshen shekarata ta biyu a kwaleji ya zo daidai da kakar citta. Baba ya ce yana so ya juya waƙar uwar hatsi zuwa Hausa kafin idonsa ya ƙarasa, amma hannunsa ya fara rawa, don haka shi zai faɗa, ni in rubuta. Bayan abincin rana sai mu zauna a gindin mangwaro. Sunayen Helenawan suna karya harshe, sai Baba ya ce mu bar su, mu riƙa cewa "uwar" da "yarinyar", sarkin matattu kuma mu ce masa "mutuwa". Mama na gefe, taku goma daga inda muke, tana tsagar cittarta. Ba mu damu da ita ba, don ta daɗe da daina sauraron komai.

Labarin waƙar ba wuya. Yarinya ce ta fita tsinkar furanni da ƙawayenta, ƙasa ta tsage, mutuwa ta sure ta zuwa ciki. Uwar ta ji ihu daga nesa, ta bazama nema. Kwana da kwanaki ba ci, ba wanka, duk wanda ta tara da tambaya sai ya kau da kai. Nan muka kai a rana ta uku. Baba ya faɗi layin, ina cikin rubutawa, sai muka ji daga bayanmu:

"Sake."

Muka waiga, Mama ce. Baba ya sake. Mama ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, wannan a ina yake? Ban taɓa jin ka karanta shi ba."

Ya ce, "Na Helenanci ne. Ba a juya shi zuwa Hausa ba tukuna."

Ta ce, "Oho."

Ba ƙarya ko ɗaya a maganarsa, amma ni da shi mun san abin da ta ɗauka. Na zuba masa ido, shi kuma ya zuba wa yatsansa. Da ta tashi kai kwando kan dutsen shanya na ce, "Baba, ka san fa ta zaci aya ce."

"Na sani."

"To?"

Ya ɗaga hannu ya ce in saurara. Daga bayan madafa gunguni ne ke tasowa, siriri, ta hanci. Ya ce, "Je ki gaya mata, in za ki iya." Ban iya ba. Ranar ya rufe littafin ya mayar akwati, fassarar kuma a nan ta tsaya.

Abin da Mama ta fito da shi babu furanni a ciki, babu ƙasa mai tsagewa. Nata ta zuba:

Na je rafi, ba ta rafi,
Na je gona, ba ta gona,
Mai wucewa, tsaya in tambaye ka,
Wa ya ga ɗiyata?

Mata su amsa: Ubangiji ya gani, Mama, Ubangiji ya gani.

Ranar Lahadin godiya ta kaka ta fara yin ta, buhunan citta da doya da dawa jibge a gaban bagade. Da ta buɗe baki, mai buga tulu ta manta hannunta a sama. A ƙauyenmu da wuya ka sami macen da ba ta binne ɗa ba, don haka kafin baiti na biyu amshin ya koma kuka, amma ba a daina ba. Baba na zaune a layin dattawa ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa. Mutane suka ce farin ciki ne. Rabi ne kawai suka gane.

Waƙar ta yi ƙafa. Aka je babban taron zumunta, matan Kagoma suka tafi da ita, daga can ta gangara har Gwantu. Bafulatanar da ke kawo mana nono, Musulma ce, ta sauke ƙwarya a tsakar gidanmu ta ce sai Mama ta maimaita mata, ita ma biyu ta binne. Mama kuwa ta dawo. Ta yi kumatu, ta ƙaga sababbin waƙoƙi huɗu a shekarar, kowace da ayarta. Ta koma yi mana faɗa a kan wanke-wanke, abin da ban taɓa zaton zan yi kewarsa ba.

Sai aka turo mana sabon fasto. Matashi ne mai digiri, yana ɗaura laktaye ko da rana na dukan kwano. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ni ce dai nake jin kaina a lokacin: shekarar ƙarshe a kwaleji, Turanci na cina, ina so ya san ba shi kaɗai ya je makaranta ba a ƙauyen nan. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, aka ce, ni kuwa nawa ya shaƙe ni har wuya.

Godiyar kaka ta zagayo, shekara ɗaya cif da haihuwar waƙar. Mata suka yi ta, fasto ya hau mumbari ya ɗora wa'azinsa a kanta. Ya ce ya yi bincike, ya gano ayar da Mama ta gina waƙar a kai, ta wata mata a Littafi Mai Tsarki da ke kukan 'ya'yanta ta ƙi ta'azantuwa. Ya gyara tabarau ya ce, "A Helenanci..." Majami'a ta yi tsit. Ya yi minti ashirin yana fasa kalma yana ɗinkewa. Ina zaune ina jiran a tashi. Da aka tashi, ana layin gaisuwa a bakin ƙofa, na miƙa masa hannu na ce, "Fasto, wa'azi ya yi daɗi. Sai dai waƙar ba daga nan ta fito ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Daga ina ta fito, 'yar'uwa?"

Wayyo ni! Da na ce wasa nake, da an wuce wurin. Ina! Na kwance masa buhu duka, da Turanci don ya ji da kyau: littafin, allahiyar, malaman da suka kwafa, har aladun ban bari ba. Ina magana ina kallon murmushinsa na bushewa, ina jin daɗi. Sai da na gama na waiga. Babban dattijon ikkilisiya na tsaye a bayana yana jiran nasa layin, kuma tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Turancinsa ya fi nawa. Magana zarar bunu ce.

Ranar Laraba da la'asar dattawa suka zauna a ɗan ɗakin da ke bayan majami'a. Aka kira Baba, aka kira ni in zo da littafin. Ya zaga hannu-hannu, kowa ya buɗe ya kalli baƙaƙen ya miƙa gaba da sauri. Wani ya ce a ƙone shi. Fasto ya ce a'a, a makarantarsu ma ana karanta irinsa, ajiye shi ba zunubi ba ne. Baba ya sami ƙwarin gwiwa ya kawo maganar malaman cocin da suka yi ta kwafe waƙoƙin, ya ce da ba don masu bi ba da tuni sun ɓace.

Babban dattijon ya bari ya gama. Mutum ne da aka taɓa ɗaurewa a rana yana yaro don ya ƙi shiga kurmin dodo, ba wanda zai koya masa abin da gunki yake. Ya ce, "Malam, su kwafewa suka yi suka ajiye a ɗaki. Sun kai gaban bagade? Sun sa matansu sun rera ranar godiya?"

Dattijon bai jira amsa ba, ya ƙara da cewa:

"Da Mama ta tambaye ka, ka san abin da ta ɗauka?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa mata?"

Baba ya ce, "Shekara biyu ban ji muryarta ba."

Dattijon ya shafa fuska da tafin hannu ya ce, "Mu ma mun yi kewarta, Malam. Amma kai malami ne, ka sani ka yi shiru." Aka yanke masa horo na wata shida: zai koma bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayyar masu bi, ba, ba zai yi addu'a a gaban jama'a ba. Waƙar kuma an hana. Mama ba ta da laifi, in ji su, tun da ba ta sani ba. Littafin aka miƙo mini, ba wanda yake son ya kwana a wurinsa. Baba ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya gaya mata da bakinsa kafin sanarwar Lahadi.

Washegari da safe ya same ta a kan dutsen shanya tana juya citta. Na tsaya daga nesa, amma ina ji. Da yarenmu suka yi maganar, ni ce nake mayar da ita Hausa. Ya faɗa mata komai a tsaye, hula a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta gama juya layin da take kai, sannan ta miƙe.

Ta ce, "Malam, ubana ya ɗaure ni a turken akuya don na ƙi yi wa dodo amshi. Kai kuma ka ɗauko waƙar dodon waɗansu ka zuba mini a baki, na kai gaban Allah, na sa matan ƙasar nan duka suka amsa."

Ya ce, "Sunan Ubangiji kika kira a ciki, ba na kowa ba. Kalmomin ma naki ne."

Ta ce, "Aya na tambaye ka."

Ranar Lahadi aka karanta sanarwa. Baba ya tashi daga layin dattawa, ya bi tsakiyar majami'a ya tafi bencin baya, inda ake zaunar da waɗanda suka yi cikin shege da masu dukan mata. Bai gama zama ba Mama ta tashi daga cikin zumunta, da zanenta da ɗankwalinta, ta bi shi. Ba kusa da shi ta zauna ba, can ɗaya ƙarshen bencin. Ba wanda ya hore ta, ita ta hori kanta, kuma ta yi wata shidan cif, ba Jibi, ba waƙa. A gida tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, magana kuwa sai ta dole.

Ni ko kallon banza ba ta yi mini ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na je na durƙusa wa Baba ina kuka. Ya ce, "Tashi. Gaskiya kika faɗa. Sai dai ba don Allah kika faɗe ta ba." Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji kunya ta rufe ni.

Waƙar dai ba ta san an hana ta ba. Hukuncin dattawanmu iyakarsa ƙauyenmu, matan waɗansu garuruwa ba su ma ji labari ba, waɗanda suka ji kuma suka yi kunnen ƙashi. Yanzu da nake koyarwa a Kafanchan, da wuya in je jana'izar yaro ko budurwa ban ji ta ba. An ƙara mata baitoci, an juya ta zuwa yare uku da na sani, matasa sun ɗora ta a kan piyano da gangunan zamani har ta yi saurin da ba a yi ta da shi ba. Na ji mai gabatarwa a wata jana'iza yana cewa tsohuwar waƙar kakanninmu ce. Wata ɗaliba daga Gidan Waya ta zo neman taimakona, wai tana rubutun kammala karatu a kanta, a matsayin waƙar makoki ta gargajiya. Na gyara mata Turancinta na sallame ta. Na koyi kama bakina, bayan aikin gama ya gama. Baba kafin ya rasu yakan ce ai dama haka waƙoƙin nan suka saba tafiya, a hannun waɗanda ba su san abin da suka ɗauko ba. Yana faɗa yana ɗan murmushi, amma ba a gaban Mama ba.

In koma kan wata shidan. Ya cika da damina. A al'adar zumuntarmu tulun kiɗa a gidan mai ba da waƙa yake kwana, kuma tun da Mama ta koma bencin baya aka ɗauke shi. Ranar Laraba ta makon ƙarshe mata uku suka zo da shi a ka, suka ajiye a ƙofar ɗakinta, suka gaisa suka tafi. Ba sai an yi bayani ba: Lahadi za a mayar da Baba layinsa, ita ma suna jiranta a gaba. Baba ya yi ta zagaya tulun nan kamar kaza da ƙwai. Mama ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma ce a kawar ba. Na zo gida ranar Juma'a na tarar da shi a wurin, na sa rai sosai.

Asabar da safe tana zaune a baranda tana tsince tsakuwa daga acca, ruwa na ɗan yayyafi. Baba ya tafi duba aladu. Ta ce, "Ke, 'yar boko, zo nan."

Na zo na zauna a ƙasa.

"Matar nan ta cikin littafinku. Kun tsaya tana nema. Ta same ta?"

Na yi tunanin in ce ban sani ba. Amma ɓoye mata ne ya kai mu inda muke, kuma ido cikin ido ta tambaye ni. Na ce, "Ta same ta, Mama."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. "Ta yaya?"

Na gaya mata yadda yake a littafin. Da uwar ta gane inda 'yarta take, sai ta hana hatsi tsirowa. Aka yi shuka ba ta fito ba, yunwa ta kama duniya, har gumakan suka rasa mai kawo musu hadaya. Dole babbansu ya aika a fito da yarinyar. Sai dai ta riga ta ci wani abu a can, don haka wata huɗu na kowace shekara za ta riƙa komawa, sauran takwas tana wurin uwarta.

"Takwas?"

"Takwas."

"Kowace shekara?"

"Kowace shekara, Mama."

Ta kalli ruwan da ke sauka daga rufin kwano. Ta ce, "Don ta riƙe hatsi."

Na ce, "Eh."

"Ni muryata kaɗai gare ni. Na riƙe ta shekara biyu, ba wanda ya ji yunwa, ba wanda ya aiko." Ta tsince tsakuwa ɗaya ta jefar. "Ba fushi nake da Allah ba, kada ki je ki faɗa. Amma wata takwas! Ni ko yini ɗaya aka ba ni, da na karɓa."

Ta girgiza faifai, ta hure ƙaiƙayi, ta nuna ƙofar ɗaki da baki.

"Ɗauki tulun nan ki mayar musu kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ki ce na gode."

Na ɗauka na kai. Mama ta yi shekara goma sha ɗaya bayan wannan, ba ta fasa sujada ko sau ɗaya ba sai da ƙafa ta gaza. Ta shirya da Baba, ita ta yi jinyarsa har ƙarshe. Ban ƙara jin ta yi waƙa ba, ko ta hanci.